A Milan, Fenti Ba Ya Zama Shaida

Mu a Tcholliré keke abin aiki ne: ya ɗauko buhun masara, ya kai auduga ma'auni, in ya karye a kai wa mai walda. Ba mai tambayar wanda ya ƙera shi. A Milan ta ƙasar Italiya kuwa, na tarar da mutanen da ke bin asalin keke har su kai ga hannun maƙerinsa.

Filin tseren keke na Vigorelli na fara zuwa, wanda aka buɗe a 1935. Da katako aka shimfiɗa hanyarsa, kwanoninta a jirkice har ƙafa ba ta tsayuwa. A nan Fausto Coppi ya ci sama da kilomita 45 cikin awa ɗaya a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya. A ƙarƙashin mazaunin 'yan kallo kuma Faliero Masi ya kafa maƙerarsa, ɗansa Alberto ya gaje shi.

Amma abin da ya fi kama ni a wani ƙaramin shago ne, inda na iske wani dattijo da tsohon firam a hannu, ba taya, ba sirdi, fenti duk ya kode. Bai ko kalli sunan da ke jiki ba, kuma da dalili: Masi kansa ya ƙera wa ɗan tsere Eddy Merckx kekuna aka rubuta musu sunan wani kamfani. Sai dattijon ya kifa firam ɗin. Bakin da ke riƙe tayar baya yana kallon baya, ba kuma ramin ɗaura burki: keken filin tsere ne, ba na titi ba. Ya auna gidan feda, milimita 70; na Ingila 68 ne. Ya zare fok ya nuna min kurciya da aka buga a ƙarfen, tambarin bututun Columbus. To, ɗan Italiya ne. Saura uban.

Nan aikin ya koma mahaɗa, inda bututu ke shiga bututu a liƙe da tagulla. Kowane maƙeri da tsagarsa, kamar yadda ake gane gidan mutum a fuskarsa. Ernesto Colnago, wanda ya ƙera keken da Merckx ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya a kansa a Meziko a 1972, fure mai kunne uku irin na karta yake hudawa. Ugo De Rosa, zuciya. Cinelli, ƙananan huji uku a jere.

Wannan firam ba ko ɗaya daga ciki. Dattijon ya daɗe yana shafa gefen mahaɗar da yatsa, yana jin yadda aka goge ta da magagari har ta zama siririya. Ya ce aikin ƙaramin maƙeri ne na wajen Milan, kuma mai hannu ne ƙwarai, amma ba zai laƙaba masa babban suna don kuɗinsa ya tashi ba. Ya rataye shi, ya ce a jira wani abokinsa da ya yi aiki a irin waɗannan maƙeru ya zo ya gani.