Daga Mumbai Zuwa Manali: Yadda Za Ka Zagaya Lokeshin Finafinan Indiya A Mota

A waƙa ɗaya ta fim ɗin Indiya, za ka ga jarumi da jaruma suna rawa a cikin sahara, kafin ka ƙifta ido sun koma kan dutse mai ƙanƙara, baitin gaba kuma ga su a bakin teku ruwan sama yana dukansu. Wannan ne yake ruɗar da yawa daga cikin masu burin zuwa Indiya, har su ɗauka cewa a mako guda za su gama ganin ko'ina. To mai karatu, tsakanin wuraren nan akwai tafiyar kwanaki, kuma kowanne da lokacin da ake zuwansa. Wanda bai duba kalanda ba kafin ya yanki tikiti, zai iya kashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya ƙare a ɗakin otal yana kallon ruwa ta taga.

Mu fara da lokaci. Daminar Mumbai tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwa ne da yake cika tituna. A jihar Rajastan, inda fadojin sarakuna da saharar suke, zafin Mayu yakan wuce digiri 45. Hanyar Manali zuwa Leh kuwa, wadda masu son ganin tafkin Pangong na ƙarshen fim ɗin 3 Idiots (2009) suke bi, ƙanƙara tana rufe ta a lokacin sanyi, sai da bazara take buɗewa. Ka ga ke nan lokacin da Pangong yake shiguwa shi ne lokacin da Mumbai take cikin ruwa. Sannan daga Disamba zuwa Janairu hazo yakan lulluɓe Delhi da Agra. Don haka shawarata ita ce ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, a kuma haƙura da Pangong sai wata tafiyar.

Zango na farko Mumbai, kwana uku. Nan ne Film City take, a unguwar Goregaon, wadda aka kafa a 1977. A unguwar Bandra kuma akwai Mannat, gidan Sharukhan, inda masoya suke taruwa a bakin ƙofa suna ɗaukar hoto. Kada ka bar garin ba ka shiga sinimar Maratha Mandir ba, wadda ta fara nuna Dilwale Dulhania Le Jayenge tun 1995, har fim ɗin ya cika shekara 30 a can a 2025. Amma a sani, duwatsu masu ƙanƙarar da ke cikin wannan fim na Suwizalan ne, kada a je ana nemansu a Indiya.

Daga Mumbai sai a miƙi arewa. Zuwa Udaipur kusan kilomita 780 ne, kuma bai kamata a yi shi a rana ɗaya ba. A raba shi biyu, a kwana a Ahmedabad ta jihar Gujarat, washegari a ƙarasa sauran kilomita 260. Udaipur ta cancanci kwana biyu. Fadar nan da take tsakiyar tafki ta fito a fim ɗin James Bond mai suna Octopussy (1983), kuma a garin aka ɗauki ɓangaren bikin aure na Yeh Jawaani Hai Deewani (2013).

Zango na gaba Jaipur, kusan kilomita 400. A kan hanya akwai Ajmer, inda hubbaren Shehu Mu'inuddin Chishti yake, wuri mai kyau na yada zango a yi salla a ci abinci. A Jaipur ka ware kwana biyu: rana ɗaya ta ganuwar Amer, inda aka ɗauki wasu wurare na Jodhaa Akbar (2008), daren kuma ka shiga sinimar Raj Mandir da aka buɗe a 1976, ka ga yadda Indiyawa suke fito da tafi idan jarumi ya bayyana, kamar dai 'yan kallo a sinimomin Kano a da.

Daga Jaipur zuwa Agra kusan kilomita 240 ne, kamar Kano zuwa Kaduna da ɗan ɗoriya. Ga abin da za ka rubuta da jan biro: ba a buɗe Taj Mahal ga masu yawon buɗe ido ranar Juma'a. Ka lissafa kwanakinka tun daga gida yadda ba za ka faɗo Agra a ranar ba. Kwana ɗaya ya isa, sai Delhi, kusan kilomita 230 ta babban titin Yamuna da aka buɗe a 2012. Kwana biyu a Delhi, sannan a haura Manali, kusan kilomita 530, rabinta na ƙarshe hawan dutse ne mai kwana-kwana. A bar wa Manali kwana uku, da rana guda ta dawowa Delhi a hau jirgi. Jimilla kwana 15, tafiyar kusan kilomita 2,700.

Wani zai ce ina Sholay? Duwatsun da Gabbar Singh ya yi sansani a fim ɗin na 1975 suna Ramanagara, kusan kilomita 50 daga Bengaluru, can kudu. Haka Ramoji Film City tana Hyderabad. Waɗannan hanyarsu daban, idan ka cusa su a wannan tsarin, a mota za ka ƙare hutun.

Maganar mota, a Indiya hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama, ga cunkoso, ga shanu a kan titi. Ɗaukar mota da direbanta abu ne da aka saba a can, kuma idan ku huɗu ne kuka haɗa kuɗi, nauyin zai ragu. Ku yi ciniki tun farko a kan kuɗin kilomita, kuɗin tolget da kwanan direba, a rubuce. Ku sayi tikitin jirgi mai sauka a Mumbai ya tashi daga Delhi, don kada ku sake komawa baya. Biza a nema da wuri, katin allurar shawara ya kasance a cikin fasfo, domin ana tambayarsa. Abinci kuwa, wurare da yawa ba sa dafa nama, amma titin Mohammed Ali a Mumbai da kewayen Masallacin Jama a Delhi akwai nama na halal har sai ka ture.

Wanda Allah ya nufa da zuwa, ya tuna da mu ya aiko da hotuna mu buga a wannan fili. Allah ya kai lafiya, ya dawo da ku lafiya.