Dare ya yi tsawo, a kawo littafi bakin wuta



Daga watan Disamba zuwa Fabrairu kowa ya san yadda garuruwanmu suke komawa. Iska ta taso daga arewa, hazo ya rufe rana, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, mai gawayi da mai man kaɗe su ne ke cin kasuwa. An gama girbi, gero ya shiga rumbu. In ka ɗebe masu lambu irin na Galmi da Jiratawa, waɗanda yanzu ne aikinsu ya kankama, yawancinmu mun samu sararin da ba mu da shi da damina. Ana sallame isha'i titi ya yi tsit, kowa ya nemi bargo ko bakin wuta, ga dare kuma ya ƙi ƙarewa.

To, me muke yi da wannan dogon dare? Mu faɗa wa juna gaskiya. Ka leƙa kowace fada a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, za ka tarar da mutum goma sun kewaye kaskon wuta, shayi na tafasa, amma ba mai ce wa wani uffan. Kowa ya sunkuya, hasken waya ya haske mishi fuska. A cikin gida ma haka ne. Kuɗin mega ya ƙare, dare ya raba, a tashi ba wanda zai iya tuna abu ɗaya da ya gani.

Shawararmu a nan ƙarama ce, ba ta kuma bukatar kuɗi mai yawa: littafi ɗaya, mai karantawa ɗaya, sauran su ba da kunne. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A bakin wuta almajirai ke karatun dare tun kaka da kakanni, da dare ne kuma tsofaffi ke yi wa jikoki tatsuniya. Mun san da yawa cikin iyayenmu da ƴan'uwanmu ba su shiga lakwal ba, mun san littafi na da wuyar samu, yana kuma da tsada. Amma in aka karanta da murya, kwafi ɗaya ya ishi kunne ashirin, kuma wanda bai san baƙi ba ba a bar shi a baya ba. Ga waɗanda muka ga sun dace da irin wannan zama.

Na farko dai Magana Jari Ce, na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, kashi uku ne. Kamar don daren hunturu aka rubuta shi. A kashi na ɗaya, sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma na ƙulla makirci don yaron ya fita ya halaka. Wa ya tsare shi? Aku. Duk dare in Musa ya yi shirin fita, sai tsuntsun nan ya ɗauko labari, ya ja shi har gari ya waye. Wato littafin kansa labari ne na yadda hira ke tsare matashi daga fitar dare. Iyayen da ke kukan yara na yawon dare su duba wannan dabara ta aku. Daɗin abin, labaran gajeru ne, kowane na tsaye da ƙafarsa. Ɗaya ya isa daga zuwan shayi na farko zuwa na uku, wanda bai zo jiya ba kuma ba zai ɓata ba yau.

In ana son dariya, sai Ruwan Bagaja, shi ma na Abubakar Imam. Yana cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutun Hausa da aka shirya a Zariya a 1933. Alhaji Imam ya fita neman ruwan magani, yana gari ya gari, ko'ina kuma sai ya yi karo da Malam Zurƙe, wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama. Ɗan siriri ne, dare huɗu ko biyar an gama. Mun gwada shi bara a fadarmu. Dare na biyu wani dattijo maƙwabci, wanda da ƙorafin surutunmu yake yi, ya jawo tabarmarsa ya ce a koma mishi daga farko. Kafin a ƙare littafin, an riga an laƙaba wa mutum biyu suna Zurƙe.

Daga waccan gasa kuma aka samu Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama firaministan Najeriya. Wannan ba na dariya ba ne. Yaro ne aka sace zamanin bauta, aka ratsa Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu tana nema har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. In ana karanta shi a nan ƙasar, ba a bukatar dogon bayani. Hamadar da ayarinsu ya ratsa ita ce wadda ƴaƴanmu ke ratsawa yau ta Agadas da Dirku zuwa Libiya, kuma a kowace unguwa akwai uwar da ke jiran waya daga can. A karanta shi inda mata za su ji, za ku ga yadda zaure ke yin shiru.

Yanzu mu dawo gida. Marubutanmu na Nijar yawancinsu da Faransanci suka yi rubutu, amma wannan bai kamata ya hana mu ba. Kowace unguwa na da ɗan lise ko mushe mai ritaya. Ya karanta shafi, ya juya shi da Hausa, a ci gaba. A hankali ake tafiya, amma hirar ta fi armashi, don ana tsayawa a yi gardama.

Wanda ya fi cancanta a fara da shi shi ne Sarraounia, na Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya, wanda ya fito a 1980. Labarin Sarauniyar Lugu ne, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, wadda ta tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Wannan runduna ita ce ta ƙone Birnin Ƙonni ta kashe jama'a ba adadi, ta bi gari gari tana ɓarna, har sojojinta suka juya suka kashe shugabannin nasu biyu cikin watan Yuli na wannan shekara, a wajajen Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Waɗannan ba sunayen wata duniya ba ne. Garuruwa ne da muke wucewa cikin mota a kan hanyar Yamai zuwa Damagaram, muna sayen ƙosai ta taga. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1987. Sai dai a tuna ƙagaggen labari ne da aka gina bisa tarihi. In akwai tsoho a wurin da ya ji wani abu daga bakin kakansa, a ajiye littafin a saurare shi, don shi ma littafi ne, kuma ba a sake buga irinsa.

Ga mutanen Adar, da ma duk inda samari ke ɗaure kaya bayan girbi, akwai Abboki ou l'appel de la côte na Mahamadou Halilou Sabbo, na 1978. Maganar tafiya bida ce zuwa ƙasashen bakin teku: mafarkin da ake tafiya da shi da abin da ake tararwa. Shekara fiye da arba'in ke nan da rubuta shi, amma je ka tasha cikin wannan wata ka ga ko wani abu ya canza. Ƙanin da ke shirin tafiya bana ya kamata ya ji shi kafin ya yanki tikiti. Ba mu ce zai fasa ba, amma zai tafi da ido biyu.

Masu son tarihi zalla, musamman ƴan Damagaram, su nemi aikin André Salifou a kan sarautar Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971, da wasan kwaikwayonsa Tanimoune. Mutanen Tawa kuma ga binciken Djibo Hamani a kan tarihin Adar. Waɗannan sun fi nauyi, ba a shanye su dare ɗaya, amma ko babi guda aka karanta ya isa a yi mako ana tattaunawa.

Kada mu manta da ɗakin mata, inda karatun littattafan Hausa bai taɓa mutuwa ba. Tun shekarun 1990 littattafan Kano ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Daura zuwa Matamai da Magarya, ana aro hannu da hannu har bango ya cire. Akwai masu yi musu kallon shirme, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu labarin mace ne da miji ya kora da ƴaƴanta don ya yi sabuwar amarya, ta tashi ta riƙe gidanta da sana'a. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa yana tambaya ne ko kuɗi ke aure ko zuciya. Wane gida ne waɗannan maganganu ba su shafa ba? Maigida ma ya zauna ya ji, ba zai yi asara ba.

Ga ƴan dabaru daga abin da muka gani. A zaɓi mai murya, wanda ba ya sauri, ya kuma san inda zai ja numfashi. Kada a wuce rabin awa, a tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, gobe kowa zai riga ka zuwa. A riƙa ba yara ƴan makaranta shafi ɗaya su karanta. Za su yi tuntuɓe da farko, musamman da yake rubutun Najeriya na sa 'y inda mu muke sa ƴ, amma cikin mako guda harshensu zai saki. In ba lantarki, fitilar waya ta isa, ga amfanin da ya dace da ita. Wanda ke da ɗan'uwa a Abijan ko Sabha, ya naɗi karatun ya tura mishi ta WhatsApp, ya ji muryar gida. Sannan don Allah, in cikin ɗaki ake zama, kada a kwana da garwashi ƙofa a rufe. Hayaƙin gawayi ba ya wari, kuma yana kisa.

Ina za a samu littattafan? A tambayi masu baza littattafai a kasuwa da ƙofar masallacin Juma'a, a yi sautu wurin masu zuwa Kano, a leƙa ɗakin karatu in garin na da shi. In mutum goma suka haɗa abin da suke zubawa a mega na kwana biyu, littafi ya samu. Kafin nan ma a buɗe tsofaffin akwatuna. Gidaje da yawa na da Magana Jari Ce kwance ƙarƙashin kaya, gara na ci.

A 2025 an rubuta cikin kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Mun yi murna, mun yi ta turawa juna labarin. Amma takardar gwamnati ba za ta koya wa ɗanka karatu ba. Harshen da ba a karanta shi a gida, ko an ɗora shi bisa kujera, zaman baƙo zai yi. Sanyin nan kwanakinsa ƙidayayyu ne. Maris na kamawa zafi zai kore mu daga bakin wuta, kowa ya watse neman iska. Kafin lokacin, ko littafi ɗaya ne a gama shi tare.

Wanda ke da wani littafin da bai zo cikin wannan jeri ba, musamman na marubutanmu na nan gida da aka rubuta da Hausa, ya sanar da jama'a, kuma ya ba da aro. Wanda ya ara shi ma ya ji tsoron Allah ya maido.

Allah Ya ba mu lafiyar sanyi, Ya sa mu ga bazara lafiya.