Yadda Muka Tashi Tsohuwar Motar Daji

Cikin 'yan makarantar da ke karanta wannan shafi, na tabbata akwai da yawa waɗanda garinsu ke can bayan inda kwalta ta ƙare, su kuwa ba sai na gaya musu abin da damina ke yi wa hanya ba. Daga watan Yuli har ƙarshen Satumba, ƙauyen da na ke koyarwa cikin ƙasar Zazzau ya kan zama kamar tsibiri. Tsakaninmu da titi mil 11 ne, cikinsu da fadama biyu, da rafi guda wanda ba shi da gada. Mai lafiya ya kan naɗe wando ya ratsa. Amma mace mai naƙuda fa, ko yaron da maciji ya sara? Sai a ɗora su bisa babur ko amalanke a yi ta lallaɓawa, wani a isa da shi asibiti, wani kuwa a juyo da shi daga rabin hanya ana kuka. Wannan ne ya sa ni, malamin makaranta mai ɗan albashi, na shiga hidimar tashin tsohuwar mota, abin da mutanen garinmu suka daɗe suna kira karambanin akuya.

Motar kuwa Land Rover ce, wadda mu ke kira Landiroba, irin doguwar nan mai inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, ƙira ta uku, watau wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985. Ta girme ni nesa. Na same ta bayan wani tsohon sito, tayunta sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai bisa kujerar direba. Mai ita ya sayar mini a kuɗin da 'yan gwangwan suka taya, yana murna an kawar masa da tarkace.

Ya kamata ku san asalin wannan iri, gama cikin asalin nan ne aikinmu duka ya fito. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, baƙin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, gwamnati ce ke raba shi da awo, amma alminiyon, wanda a ke ƙera jiragen sama da shi, yana samuwa. Wani injiniyan kamfanin Rover mai suna Maurice Wilks yana da jif irin ta sojan Amurka a gonarsa, ya ga amfaninta, ya ce bari su ƙera tasu domin manoma. Suka yi ƙashin motar da ƙarfe, suka lulluɓe shi da alminiyon, aka fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam cikin 1948. Aka yi ta ƙera zuriyarta a Solihull, kusa da Birmingham, har watan Janairu na 2016.

To, alminiyon ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, sabo da haka tsohuwar Landiroba ta kan yi kyan ɗan maciji. Ka ga bodi lafiya lau, alhali kuwa abin da ke ɗauke da shi ya ruɓe. Bakaniken da ya yi mini aikin wani dattijo ne wanda ya yi ƙuruciyarsa cikin gyaran irin waɗannan motoci, Baba na ke ce masa. Ran da aka jawo ta gareji ko injin bai duba ba. Ya ɗauki 'yar guduma ya kwanta ƙarƙashinta, ya bi shasi yana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya, yana saurare kamar mai sayen tukunya. Inda ƙarfe ke da rai sai ka ji ƙara tas, inda ya mutu kuwa sai ka ji dum, garin tsatsa na zubo masa a gemu. Ya fito ya ce, “Malam, motarka ba ta da ƙugu.”

Gaskiyarsa. Shasin wannan mota kamar tsani ya ke, an yi shi da ƙarafa masu rami a ciki. Laka ta kan shiga ramin ta zauna, ta riƙe laima shekara da shekaru, ta ci ƙarfen daga ciki. Ƙarfen gicciye na can baya, inda a ke ɗaura igiyar ja, ya zama kamar rariya, haka kuma hannuwan da ke tallafe da bodi, da daɓen da direba ke sa ƙafa. Muka sauke bodi gaba ɗaya muka jingine shi a bango. Na je Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, na sayo ƙarfe, mai walda ya yi ta yanka yana ɗinkewa. Wata huɗu cur albashina na shiga nan, amma mai wucewa ba ya ganin kome sai ƙwarangwal bisa duwatsu. Har 'yan ajina suka sa mata suna Gobe-da-nisa.

Wani abu da muka tarar zai yi wa masu koyon kimiyya daɗi. Duk inda alminiyon ya taɓa baƙin ƙarfe, ruwa kuma ya shiga tsakani, sai mu ga wani farin gari, alminiyon ɗin ya huje. Dalili kuwa, ƙarfe iri biyu da ruwa mai ɗan gishiri su ne kayan haɗa batir, sai ɗan lantarki ya riƙa gudana, ɗayan ƙarfen na cinyewa. Maganinsa a raba su da fenti ko ƙyallen roba, haka kuwa muka yi wa kowane noti.

Bayan shasi sai birki da sitiyari, aka sake musu robobi da bututu, ba wani labari. Gardama ba ta tashi ba sai da aka zo kan injin. Nata na fetur ne mai silinda 4, girmansa lita biyu da kwata, ba shi da sauri, ga shan mai. Samarin gareji suka ce a jefar da shi a sa na zamani, irin mai kwamfuta, wanda ya ninka shi ƙarfi. Baba ya bar su suka gama, sa'an nan ya ce mini, “Malam, in wannan na zamani ya mutu maka tsakiyar fadama da tsakad dare, da me za ka tambaye shi abin da ke damunsa?” Tsohon injin abu uku kaɗai ya ke nema, mai da iska da wuta, kowannensu kuwa ana iya bin sawunsa da sifana da tocila. In kafireto ya toshe a kwance a busa, in fulogi ya yi baƙi a goge. Ban da haka, giyar motar da sandunan da ke juya ƙafafunta an auna su ne daidai ƙarfin wannan injin, in ka ɗora musu wanda ya fi su, su za su karye. Aka wanke tsohon, aka sake masa zobba da gasket, ya tashi. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Ƙarfin motar daji a giya ya ke. Kusa da ƙafar direba akwai sanduna uku, da mai baƙin kai, da mai rawaya, da mai ja. Baƙar ita ce giya irin ta kowace mota. In ka danna rawayar, ƙafafun gaba su kama ja tare da na baya. In ka jawo jar baya kuwa, motar ta koma ƙaramar giya, ta bar sauri ta ɗauki ƙarfi. Ga lissafi na ba ku, ku gwada a allo. Giya ta ɗaya tana rage juyin injin sau 3.68, ƙaramar giya ta ƙara ragewa sau 2.35, haƙoran da ke tsakiyar ƙafafu su kuma sau 4.7. In kun ninka su za ku ga injin na juyawa wajen sau 40 kafin taya ta juya sau ɗaya. Shi ya sa ta kan hau gangaren rafi da tafiyar hawainiya, ɗauke da mutum takwas, ba ko nishi. Amma ba a barinta da ƙafa huɗu bisa kwalta, domin a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin nisa, ita kuwa wannan ƙira ba ta da abin da zai raba musu, sai ƙarafa su yi ta murɗuwa har wani ya gaza. Cikin laka santsi ne ke warware wannan murɗi.

Gardama ta biyu a kan taya ce. Samarin nan sun saba ganin motocin Amurka da Ostareliya cikin wayoyinsu, an ɗaga su sama kamar rumbu, an sa musu tayu kamar na tarakta, suna hawan duwatsu. Ban ga laifin masu su ba, wasansu ne, cikin ayari su ke fita, in ɗaya ta kife 'yan'uwa su ɗaga ta a yi dariya. Tawa kuwa ita kaɗai za ta fita, da marar lafiya kwance a baya. Ku lura kuma, abin da ya fi kusa da ƙasa cikin mota shi ne tulun haƙoran nan na tsakiyar ƙafafu, kome ɗaga bodi kuwa shi yana nan inda ya ke. Abin da ɗagawa ke ƙarawa kawai shi ne saurin kifewa a hanya mai karkata. Babbar taya ta kan ɗaga tulun kaɗan, amma tana wahalad da birki, tana kuma karya sandar ƙafa. Muka bar ta da irin tayar da aka ƙera ta da ita, mai lamba 7.50 da 16, siririya mai zurfin zane, wadda ke yanka taɓo ta taras da ƙasa mai tauri. Tana da tif a ciki, kowane mai faci na bakin kasuwa ya san ta.

Abin da muka ƙara mata bai taka kara ya karya ba. Ƙarafan ƙafafu suna da 'yar kafar shan iska, in sun yi zafi aka tsoma su cikin rafi sai su zuƙi ruwa ya gauraya da mai, don haka muka sa wa kafofin tiyo muka kai bakinsa sama. Ƙarƙashin kuloci akwai wani rami da a ke toshewa da noti kafin shiga ruwa, a buɗe bayan an fita. Muka cire benci guda na baya muka shimfiɗa katako daidai tsawon katifa. Kayan da ba su rabuwa da ita su ne shebur, da katako biyu masu kauri, da jak, da igiya, da famfon taya, da fanbel, da sandar ƙafa guda ta ajiya. Wani ya kawo shawarar a yi mata ragar kaya a bisa rufi, Baba ya ce duk abin da bai shiga ciki ba ya zauna gida.

Daminar da ta wuce ita ce ta farko da ta yi aiki. Ta fita da marasa lafiya sau tara, biyar daga ciki da dare. Kullum muka iso rafi na kan sauka in ratsa da ƙafa tukuna, in ruwa ya wuce gwiwata mu zauna mu jira ya janye, ko da masu haƙuri na roƙo, gama motar da ruwa ya tafi da ita ba ta kai kowa ko'ina. Sau biyu ta kafe a fadama ta biyu, muka yi haƙa muka shimfiɗa katako ta fita. Sau ɗaya kuma ta mutu mana ana yayyafi, Baba ba ya nan, na buɗe na tarar laima ce ta shiga inda wuta ke rarrabuwa zuwa fulogi, na share da gefen rigata ta tashi. Yarinyar da aka haifa a asibiti daren nan yanzu tana rarrafe.

Har yanzu ba a yi mata fenti ba, ƙofar hagu kuwa da igiya a ke ɗaure ta. Kuɗin da na tara na wannan rani sifirin na baya za su tafi, domin Baba ya ƙirga ganye biyu da suka tsage, ya ce lalle a sake su kafin ruwan Yuni ya sauka.