Harshen da ke juyawa baya

Daga cikin kalmomin ilimin furuci, wadda ta fi daɗewa a raina ita ce rétroflexe, kamar yadda Faransanci ke rubuta ta. Asalinta Latin ne, kuma gaɓoɓi biyu aka haɗa: retro, wato baya, da flectere, wato lanƙwasa. Ma'anarta ke nan, abin da aka lanƙwasa baya. Mu mutanen Garwa gaɓar farko ba baƙuwarmu ba ce, domin kowane mai babur a Djamboutou ya san rétroviseur, madubin da yake duba baya da shi.

Abin da ake lanƙwasawa a nan tsinin harshe ne. Hausa tana da "r" iri biyu, ko da yake rubutun boko harafi ɗaya ya ba su. Akwai ra-gare, inda tsinin harshe ke karkarwa a kan hanƙa. Akwai kuma ra-kaɗe, inda tsinin ke ɗagawa ya koma baya, sannan ya kaɗo gaba sau ɗaya. Wannan na biyun shi ake nufi da kalmar tamu. Malaman Hausa sun raɗa wa wurin furucinsa suna naɗe-harshe. Suna ne mai kyau, amma a ganina na Latin ya fi shi amfani ga ɗalibi da abu guda: ya faɗi inda harshen ya nufa. Naɗi na iya fuskantar ko'ina, baya kuwa ɗaya ce.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. Bara mai hidimar gidan sarki da ra-kaɗe ake faɗarsa, barar almajiri kuwa da ra-gare, alhali tsawon wasali da karin sauti duk ɗaya ne. Shi ya sa Paul Newman, a nahawunsa na 2000 da ƙamusunsa na 2007, ya ɗora wa ra-gare alama a ka, ya rubuta r̃.

A unguwarmu Fulatanci ne harshen kasuwa, shi kuwa "r" ɗaya gare shi. Ina jin yara da dama, 'ya'yan Hausawa, suna gara kowane "r" da suka tarar, har a ruwa da rana, inda kakanninsu ke kaɗawa. Littafin karatu ba zai gyara musu ba, tun da bai nuna bambancin ba. Idan na zauna da su, nakan sa su faɗi "ruwa" a hankali, suna lura da inda tsinin harshe ya je kafin sautin ya fito.