Zuwa Limawa da Tsohuwar Amfilifaya

Duk mai gyaran da muka kai wa amfilifayar nan a Kano, da ya kwance bayanta ya ga bawul biyar na gilashi a jere, sai ya mayar da murfi ya ce mu nemi ta zamani. Ta kawunmu ce, ƙirar Ingila, da ita ya yi kiɗan jita a Kaduna zamanin da su Bala Miller ke tashe. Ƙanena ne ya gaje ta tare da jitar. Sai ga shi ta fara gurnani, sauti ya dusashe, kuma ba a minti goma da kunna ta sai fis ya ƙone. Wani mai hayar lasifika ne ya ce mana akwai wani dattijo a Limawa, cikin Dutse, wanda ya koyi gyaran rediyo tun ana yayin mai bawul.

Muka naɗe ta da bargo a kujerar baya, ƙanena ya rungume ta, muka kama titin Maiduguri da sassafe. Ranar Juma'a ce, don haka a Wudil muka sha jira, motocin shanu sun cika bakin gada saboda kasuwar kara. Daga nan hanya ta buɗe har Takai. A Kwanar Huguma muka karya hagu, ba a jima ba duwatsun suka fara bayyana cikin hazon hunturu, da dogayen itatuwan dabino a gindinsu. Dutse ta zama babban birnin jiha ne a ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka cire Jigawa daga Kano, kuma har yanzu ana ganin garin kashi biyu: faffaɗan tituna da ofisoshi a gefe guda, tsofaffin unguwanni irin su Garu da Limawa a jikin dutse.

A wani zaure muka same shi, rediyoyi da fankoki jibge har bakin taga. Bayan gaisuwa bai ko kalli amfilifayar ba, ƙanena ya sa a gaba. Da wace wuta kake kunna ta, ta gari ko ta janareta? Ka taɓa kunna ta babu sifika a jone? Fis ɗin da kake sauyawa, daidai yake da lambar da aka rubuta a jiki, ko duk wanda ya samu? Ƙanena ya ce, "Baba, ni dai na san bawul ne ya mutu." Dattijon ya ce, "Haka kowa ke cewa, yaro. Bawul ba ya cika mutuwa shi kaɗai, kashe shi ake yi."

Abin da ya fara yi shi ne sauke wutar da ke kwance a ciki. Irin wannan na'ura tana ɗaga wutar gida zuwa bolt 400 har 500, kuma manyan kwandansa suna riƙe ta ko an zare filogi. Ya jona rizista tsakanin kwandansa da jikin ƙarfe, ya zuba wa mita ido har allura ta kwanta. Hannunsa na hagu kuwa yana bayansa, don kada wuta ta bi ta ƙirji daga wannan hannu zuwa wancan. Wanda bai san wannan ba, ba shi da dalilin sa yatsa a ciki. Sannan ya kaɗe ƙura da burushi, ya ɓamɓare gidan zanzaro da aka gina a jikin taransifoma.

Ya zare bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan jujjuya su a hankali, yana jera su yadda ya same su. Uku ƙanana, ECC83, waɗanda Amurkawa ke rubuta wa 12AX7, su ne ke karɓar siririn sautin jita su fara ƙara masa ƙarfi. Biyu manya, EL34, su ke tura sifika. Ya nuna mana tabon azurfa da ke saman kowane gilashi. Muddin yana sheƙi, babu iska a ciki. Da gilashi ya tsage iska ta shiga, tabon zai koma fari fat, to wannan bawul sai juji. Namu duka biyar suna sheƙi. Ƙafafunsu ne suka yi tsatsa, ramukan da suke zama kuma suka saki, ya goge ya matse.

Tun 1904 da John Ambrose Fleming ya ƙera bawul na farko a Ingila, da 1906 da Lee de Forest ya ƙara masa ragar da ta ba shi ikon ƙara sauti, tsarin bai sauya ba: ƙarfe mai zafi ya saki wuta ta tsallaka zuwa faranti, raga a tsakani tana rage ta ko ƙara ta. Taransista ta zo a 1947 ta kori bawul daga rediyo da talabijin, amma makaɗan jita suka ƙi saki, domin idan aka ƙure shi sautinsa kauri yake yi da ɗumi. Shi ya sa Marshall da Fender da Vox ba su daina ƙera amfilifaya mai bawul ba.

Da ya zo kunnawa, sai ya jona sifika tukuna, ya duba cewa lambar om ɗinta ta dace da ramin da ya sa ta. Amfilifaya mai bawul idan ta yi aiki babu sifika, taransifomar fitar da sauti ce ke ƙonewa, kuma ita ce mafi wuyar samu a cikin kayan duka. Bai kuma sa filogi kai tsaye a bango ba. Yana da wani allo da ya ɗaura wa tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, wuta sai ta ratsa ƙwan kafin ta shiga na'ura. In akwai inda waya ta haɗe, ƙwan ne zai haska ya shanye wutar. Ya ce yanzu samun irin wannan ƙwan ma ya zama aiki, kowa ya koma mai farin haske.

Ƙwan ya yi haske ya lafa, ya cire allon ya ba ta wuta sosai. Ya ɗauki fensir yana ƙwanƙwasa ƙananan bawul ɗin. Na farko ya amsa a sifika da wani ƙara mai tsawo, alamar kayan cikinsa sun saki. Bai yar da shi ba, ya yi musanyarsa da na uku, inda ba a jin wannan larura sosai. Sannan ya tura ƙyauren zaure ya ce mu duba. Farantin ɗaya daga cikin manyan ya fara ja kamar garwashi. Ya kashe nan take. Ƙanena ya ce, "Ka gani ko, Baba?" Dattijon ya jira suka huce, ya sauya musu mazauni, ya sake kunnawa. Jan bai bi bawul ɗin ba, ya tsaya a mazaunin farko, ya kama ɗaya lafiyayyen.

A nan na gane abin da ya raba dattijon da masu gyaran da muka baro. Da an sa sabon bawul a wannan rami, da ya ƙone shi ma. Wata ƙaramar kwandansa ce ta tsufa tana yoyon wuta zuwa raga, ta rushe bayas, wato 'yar wutar da ke riƙe bawul kada ya zuƙi fiye da ƙima. Ya ciro irinta daga wani gwangwani, ya liƙa da dalma, ya sauya abokiyarta ma tunda sa'o'in juna ne. EL34 ba ya ɗaukar fiye da wat 25 a farantinsa, don haka ya daidaita shi a kusan kashi 70 cikin ɗari, ya auna wajen miliyamfiya 35 a kowanne.

Bayan mun dawo daga masallaci ƙanena ya jona jita, yaran unguwa suka cika ƙofa. Gurnani ya tafi, fis ya zauna. Amma dattijon ya ce wanda ya sha jan nan ya raunana, kuma manyan ba a sauya su ɗai-ɗai, sai biyu da aka gwada suka yi daidai. Masu ƙera su a yau ba su da yawa: akwai JJ a Sulobakiya, da masana'antar Saratov a Rasha, da wasu a Sin. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, sai da suka yi wuya a ko'ina.

Ya hana mu ɗaukarta sai da ta huce, ya kuma kafa wa ƙanena sharuɗɗa: ya sayi sitabilaiza, kada ya jingina bayanta da bango, ya bar ta ta yi ɗumi kafin ya taɓa tsirkiya, ya lulluɓe ta a lokacin hunturu. Ya rubuta lambar bawul ɗin a bayan kwalin ashana ya miƙa masa. "In sun iso kada ka sa da kanka," in ji shi. "Ka kawo a sake auna bayas. Kuma ka zo ran Asabar, Juma'a ba na son aiki mai tsawo."