Kakakin da Muka Saya Kafin Afan

Ina ɗan shekara goma sha huɗu dattawan ikilisiyarmu a Kafanchan suka amince a sayo wa ’yan birget kakakin Bature guda biyu. Kafin nan begila da ganguna kawai muke da su. Kuɗin kuwa baiko ne, da abin da Zumuntar Mata suka tara daga cinikin citta da doya, shi ya sa ba wanda ya yarda a yi cinikin biri a sama.

Tun 1927 layin dogo daga Fatakwal ya ratsa garinmu, kuma a lokacin ta nan kaya ke zuwa. Wani ɗan kasuwa da ke hawo jirgi daga Aba ya buɗe mana akwati a harabar majami’a: kakaki uku sababbi fil, suna ɗaukar ido, sai wani gwanjo ɗan Ingila, ƙirar Besson, launinsa ya dishe, ga lotsawa a gefen bakinsa. Mu yara duk sababbin muke kallo.

Kyaftin ɗinmu, tsohon ɗan badujalar soja ne, bai ko taya ba. Ya zare wani lanƙwasasshen bututu, ya toshe ramin da babban yatsa, ya danna maɓalli, ya hura, yana kasa kunne ko iska na tsiyaya. Ya ɗaga bututun da ke bin bakin busa ya duba a rana. Ya nuna mini wasu ɗige-ɗige jajaye a jikin wata tsohuwar begilarmu, ya ce tagulla idan ta fara haka daga ciki take ci, dalma ba ta warkar da ita. Gwanjon nan ba shi da ko ɗaya.

Aka yi tayi, mutumin ya ce albarka har sau uku.

“Baba Kyaftin, kayan nan ba na wasa ba ne.”

“To ɗana, bar mana su kwana bakwai. Ga kafin alƙalami. Wanda ya ƙi, ka ɗauki abinka.”

Ya yi shiru, sannan ya sallama, Fasto ya zama shaida. Babu takarda. Har yau ina girmama mutumin nan.

Lokacin hunturu ne, ƙura ko’ina. Kullum da yamma muna busa a filin makaranta. Rana ta uku maɓalli na biyu na wani sabo ya fara maƙalewa, aka ɗiga mai, ya sake; washegari ya koma. Wani kuma muryarsa ta ƙi daidaita da ’yan uwansa, duk yadda aka ja bututun. Gwanjon kuwa maɓallansa uku na tashi sumul, muryarsa mai kauri kamar ta dattijo. Da mai kaya ya dawo, ya karɓi biyu ba gardama, muka riƙe gwanjon da sabo ɗaya.

Ranar 1 ga Janairu muka tafi Kagoro bikin Afan, zamanin Sarki Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008. Maharba na busa ƙaho, dutsen Kagoro na tsaye a bayanmu cikin hazo. Da layinmu ya kusa rumfar Sarki, Kyaftin ya miƙo mini gwanjon. Leɓena ya tsage don sanyi, ƙarfen kamar ƙanƙara, sai ya ce, “Hura masa ɗumi tukuna, ɗana.” Na hura sau uku, sannan ganga ta buga.