Manhajar Kyauta: Wa Ya Fara Wannan Alheri?

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban taɓa zaton zan ga gaskiyar wannan karin magana a tarihin kwamfuta ba, sai da aikin kundin digiri ya kai ni can.

Duk ɗalibin Hausa ya san wahalar haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Babu su a kan madannan kwamfutata, kuɗin biyan mai buga rubutu kuwa ya fi ƙarfin aljihuna. Ana cikin haka wani abokin karatuna ya nuna mini manhajar Keyman, wadda ake saukewa kyauta. Bayan matsalata ta warware, sai na shiga tambayar kaina: wa ya fara wannan al'ada ta mutum ya sha wahalar aiki, sannan ya bayar ba tare da ya karɓi ko sisi ba?

Binciken da na yi ya kai ni birnin Shikago na Amurka. A watan Janairun 1978 dusar ƙanƙara ta hana jama'a fita, sai Ward Christensen da Randy Suess suka yi amfani da wannan zaman gida suka haɗa CBBS, allon sanarwa na kwamfuta da ake shiga ta layin tarho. Sun buɗe shi ranar 16 ga Fabrairu na wannan shekarar. Kwamfuta ɗaya ce a gidan mutum, an haɗa ta da tarho ta na'urar modem. Mutum ɗaya ne ke iya shiga a lokaci guda. Idan ka kira ka tarar da wani a kan layi, sai haƙuri.

Ya kai mai karatu, dubi irin juriyar mutanen nan. Modem ɗin wancan zamani haruffa kamar 30 yake turawa a daƙiƙa ɗaya. Ke nan, sauke abin da zai cika faifan filofi mai kilobayit 360 zai ci fiye da awa 3. Shi ya sa da yawa suke jira sai dare, lokacin da kuɗin kiran nesa yake raguwa.

Duk da haka ba su yi rowa ba. Tun a 1977 Christensen ya saki XMODEM, hanyar tura fayil ta tarho, don kowa ya amfana. A 1982 Andrew Fluegelman ya fitar da PC-Talk, ya ce a kwafa a raba, wanda ya ji daɗinta ya aiko da dala 25. Bob Wallace ya bi sahu da PC-Write a 1983. Bugu da ƙari, a 1984 Tom Jennings ya kafa FidoNet, inda allunan suke kiran junansu da dare suna musayar saƙonni. Ta wannan hanyar ce wasu ƙungiyoyi a Afirka suka riƙa aika wasiƙu a farkon shekarun 1990, kafin intanet ta wadata.

Na gwada PC-Write da kaina ta hanyar DOSBox, wadda ita ma kyauta ce. Rubutu ne zalla, babu hoto, babu ado, amma tana aiki har yau.

Abin da ke damuna shi ne halinmu. A cikinmu akwai mai ɓoye tsofaffin tambayoyin jarrabawa, akwai mai hana aron ƙamus. Alhali Hausa na buƙatar manhajar gyara ƙa'idojin rubutu, da jerin kalmomi, da fassarar keɓaɓɓun kalmomin kimiyya, kuma wani ba zai zo daga waje ya yi mana duka ba. Idan kowane ɗalibi a wannan sashe ya tattara kalmomi 100 ya bayar kyauta kafin ya kammala, na baya ba za su faro daga tushe ba. Allah ya sa mu dace.